Jiniya, Mai Ihun Gefen Rana

Shagon waldar yana bayan filin ƙwallo, daidai inda katangar gabas ta yi ciki kamar za ta faɗi amma ta fasa. Rumfar kwano ce mai ƙafa huɗu, da injin walda a kan tsohuwar taya, da ƙofofi da tagogin mutane jingine suna jiran fenti. Mai shagon dogon mutum ne mai ƙashin wuya a waje, bayan hannunsa duk ɗigo-ɗigon tartsatsi. In ka nemi sunansa na gaskiya a layin, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce Jiniya, ko akuyar layin ta san inda za ta kai ka.

A filin ya samo sunan, tun yana saurayi yana koyon aiki. Wata Asabar ubangidansa ya rufe da wuri, shi kuma ya bi ayari ya shiga kallo. Ya tsaya a gefen rana, ɓangaren da ba rufi ba kujera, sai matakalar siminti da ta zagayo har bayan ragar gabas, zafi kamar kasko. Ana gab da tashi alƙali ya ba baƙi fanareti. Fili ya yi tsit. Ɗan wasan baƙi ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya taho. Shi kansa bai san lokacin da abin ya ɓalle daga ƙirjinsa ba, wata doguwar ƙara siririya da ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa, irin ta motar kashe gobara. Ƙwallo ta bi ta saman raga ta faɗa bayan katanga. Aka ɗaga shi sama, hularsa ta ɓace, takalminsa ƙafa ɗaya ya bi ta. Wani tsoho ya kama masa kai da hannu biyu ya ce, "Yaro, kai ka tare ta, ba gola ba."

Maganar nan ta zauna masa daram, ta fi shekara talatin ba ta motsa ba.

Ba a jima ba ya samu abokin tsayuwa, wani tela gajere mai babbar ganga, wanda ya kama wuri a hagunsa bai sake sakewa ba. Tela ya buga, Jiniya ya ja, gefen rana ya amsa. In baƙi ne da ƙwallo sai jiniya, in 'yan gida ne sai waƙa. Har ta kai ba ya kallon wasa da fuska sai da ƙeya, don rabin lokacin bayansa ne ke fili, yana fuskantar jama'a yana ɗaga hannu yana saukewa. Sau da yawa a fuskokin mutane yake ganin an ci.

Ranar Litinin kuwa shagonsa majalisa ne. Mai faci na kusa da shi zai jawo benci, mai shayi ya tsallako titi da buta, Tela ya zo da allura maƙale a gaban riga. A nan ake sake buga wasan Asabar, a gyara duk abin da ya lalace.

"Ihu ƙwallo ɗaya ne," in ji Jiniya da 'yar ragowar muryarsa. "Kafin a hura usur mun riga mun ci ɗaya. Alƙali ɗan Adam ne, kunne gare shi. Fili guda ya ce fanareti, hannunsa da kansa zai nuna wurin."

"To ina ɗayar taku ta shekaranjiya?" in ji mai faci, wanda bai taɓa shiga filin ba sai ranar da aka kira shi ya hura ƙwallaye. "Biyu da nema na ji an ce. Ko alƙali ya manta bai rubuta ihun ba?"

"Iska ce ta cuce mu. Ta kwashe sautin ta kai kasuwa. Da a ce akwai rufi..."

Da an zo nan sai kowa ya gyara zama, don an san abin da zai biyo baya. Jiniya zai ɗauki guduma da guntun ƙarfe ya fita tsakiyar titi ya doka. Ya dawo ƙarƙashin rumfa ya sake dokawa, kwano ya amsa, mai shayi ya toshe kunne.

"Kun ji? Guduma ɗaya ce, amma a ciki ta zama uku. Da a ce an rufa wa gefen rana kwano, an karkato da bakinsa fili, wallahi golan baƙi ko sunan uwarsa ba zai tuna ba."

Ba rufi kaɗai ba ne. Da a ce an matso da matakala kusa da layi yadda mai tuta zai ji numfashinsu a wuyansa. Da a ce an dawo da bencin baƙi gabansu, kocinsu ya yi ta magana ba mai ji. Da a ce an buɗe ƙofa kyauta bayan hutun rabin lokaci 'yan kasuwa su shigo da sabon maƙogwaro. A bakin Jiniya kowane "da a ce" maki uku ne, in ka tara su kuwa ƙungiyar ta ɗauki kofi tun tsakiyar kaka. Mai faci ya ce a teburin makin Jiniya ba su taɓa faɗuwa ba, teburin hukuma ne kawai ba ya jin magana.

Wata shekara ya zauna ya haɗa ɗan ƙaramin fili da ragowar ƙarfe, da matakalarsa da ragoginsa, ya yanka gwangwanin madara ya yi masa rufi. Ya sa wankakkun kaya ya kai ofishin ƙungiya. Sakatare ya juya abin a hannu, ya yaba, ya ce lallai za a duba. Da ya koma bin sawu ya tarar da filin nasa a kan tebur, an zuba makullai a ciki. Bayan wasu shekaru aka yi rufi, mai kyau kuwa, da fanka. A gefen yamma aka yi shi, inda manya ke zama suna tafi da yatsa biyu.

A gida, matarsa ta daɗe da raba mako yadda ya kamata. Ta ce Asabar ta fili ce, Lahadi ta kwanciya, Litinin kuma da bebe take aure, sai nuni da hannu. Takan dafa masa ruwan zafi da zuma ta ajiye ba tare da ta dube shi ba.

"Maigida, wai in sun ci, nawa ne rabonka a ciki?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Ai na gane. Su da ƙafa, kai da wuya, ni da wankin riga mai warin rana."

'Ya'ya huɗu suka haifa. Babbar ta karanci aikin jinya, ranar bikin yaye ɗalibansu kuma ta faɗo daidai da wasan gida. Ya je, ya zauna a jere na uku da sabuwar hula, yana duba agogo. Kafin a kira sunanta kujerar ta zama wayam. A hoton da ke rataye a falo, ƙanen matarsa ne ke tsaye a inda uba ke tsayawa. 'Yar ba ta taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa tambayar wanda ya rataye hoton daidai inda yake cin abinci ba.

Sai shekarar da ƙungiyar ta lalace. Aka zo wasan ƙarshe suna bakin rami: in sun yi kunnen doki sun tsira, in an ci su sun faɗa rukuni na biyu. Tun rana tsaka gefen rana ya cika har kan katanga. Jiniya ya ɗaure kai da tsumma ya ce yau ko muryar ta tafi ko su tsira. Aka tafi hutu ba ci. Da aka dawo, 'yan gida ne ke tsaron ragar gabas, wato a gaban Jiniya da jama'arsa. Ya ce to, nan ne ɗan gaban baƙi zai san ya zo garin mutane. Duk sa'ad da ƙwallo ta matso sai ya saki jiniya, Tela ya dafa masa, dubban mutane su ɗauka har siminti na rawa a ƙarƙashin ƙafa.

A bayan 'yan gida akwai wani dogon ɗan wasa da ake kira Katanga, ɗan unguwa ne, a gabansu ya girma, kuma duk kakar nan shi ke riƙe da gidan. Saura ƙiris a tashi baƙi suka ɗago wata doguwar ƙwallo, ba ta da wani haɗari, ba ɗan gabansu ko ɗaya kusa. Gola ya fito zai kama. Katanga ya yi tsalle ya sa kai ya mayar da ita baya. Ta tsallake gola, ta faɗi, ta gangara a hankali kamar mai jin kunya, ta shiga raga.

Jiniya bai ga shigarta ba. Bayansa na fili, bakinsa a buɗe. Sai ya ga fuskoki sun mutu a gabansa, jere bayan jere, sautin ya yanke ya bar muryarsa ita kaɗai tana yawo.

Ranar an fasa gilasan motar ƙungiya. An fitar da Katanga ta ƙofar baya lulluɓe da rigar koci, kafin wata ya zagayo ya bar garin. Jiniya bai ɗauki dutse ba, bai kuma bi kowa ba. Amma ranar Litinin a majalisa, da murya kamar ta ƙwaro, ya ce, "Mun gina Katanga, ta faɗo a kan masu gida." Aka yi dariyar baƙin ciki, maganar kuma ta bi gari.

Rukuni na biyu wata duniya ce. Baƙi sukan zo a motar haya, wani lokaci da riguna kala biyu. Gefen rana ya koma kamar bakin tsoho, nan mutum can gurbi. Jiniya bai fasa ba, sai dai yanzu in ya ja, amsar ba ta kai ƙarfin kiran ba, dole ya ƙara nasa ya cike. Hannun Tela ya fara rawa, allura ta gagare shi, daga baya ganga ma ta gagara, aka rataye ta a shagonsa ƙura ta hau. Da Tela ya daina zuwa ne Jiniya ya lura hagunsa ta yi shiru fiye da kima. Ya sa yatsa ya toshe kunnen dama, sai duniya ta ɗauke. Bai gaya wa kowa ba, ya dai koma zama a ƙarshen benci yadda kowa zai kasance a damansa.

Muryar da ke dawowa Talata ta koma Laraba, ta koma Juma'a. Wata kaka ta tafi ba ta dawo ba. Mai ƙofa zai zo ciniki, Jiniya ya buɗe baki sai iska. Ruwan zafi da zuma suka gaji. Ran nan babbar 'yarsa ta zo shagon da fararen kayan aikinta, ta kashe injin walda da hannunta.

"Baba, tashi mu tafi."

Ya nuna mata ƙofar da yake haɗawa.

"Ƙofa ba ta gudu. Tashi."

Likita ya zura masa wata siririyar roba mai fitila ta hanci, ya daɗe yana kallo. Ya ce tsiro ne a kan igiyar murya, ba mugun ciwon nan da ake tsoro ba, amma sai an cire. Ya tambaya ko Jiniya mawaƙi ne.

"Da mawaƙi ne ai da mun gani a ƙasa," in ji 'yar.

Aka yi aikin. Likita ya ce makonni masu zuwa ko tari ya yi a hankali, magana kuwa ko raɗa babu. Bayan nan zai iya magana kamar mutane, amma ihu ya ƙare, in ba haka ba wata rana ko sallama sai da hannu.

Zaman gida ya ishe shi, ya koma shago da ƙyalle a wuya, yana ciniki da yatsu, mai faci na yi masa tafinta yana ƙara gishiri. A cikin kwanakin nan ne wata babbar motar siminti ta tsaya a bakin layin da hantsi. Direban ya sauko da ƙyar, ƙato mai tumbi da furfura a gemu, yana jan ƙafar hagu. Matakin hawa motar ne ya karye, yana neman mai walda. Ya zo bakin rumfa ya yi sallama, ya tsaya, ya ƙura ido.

"Baba Jiniya?"

Sai da ya yi murmushi Jiniya ya gane shi. Katanga ne.

Mai faci ya yi tsalle ya rungume shi, ya ƙwala wa mai shayi kira, ya bayyana wa Katanga cewa Jiniya an ɗaure masa baki, likita ya hana. Katanga ya ce Allah ya ba da lafiya, ya zauna a benci ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Jiniya ya ja waya zuwa gindin mota ya durƙusa yana kankare tsatsa, ya juyo da kunnen dama wajen bencin.

Aka taɓa hirar hanya da tsadar taya, da gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu ba ta koma daidai ba. Amma mai faci ba ya iya riƙe abu a ciki.

"Don Allah ɗan'uwa, kar ka ji haushi. Wai ranar nan, me ya faru?"

Katanga ya hura shayinsa. Da alama an sha tambayarsa, amsar ta riga ta yi laushi a bakinsa.

"Gola ya kira. Daga baya ya rantse mini har da hawaye, ya ce sau uku yana cewa in bar ta. Ni ban ji ba. Yadda ka san an kifa mini tukunya a ka ana duka. Na ɗauka yana kan layinsa, na ce bari in mayar masa a hankali ya kama mu ci lokaci. Ashe yana bayana."

Hannun Jiniya ya tsaya a kan ƙarfe.

"Ai kullum haka ne in muna tsaron ragar gabas," in ji Katanga. "Da hannu muke magana kamar kurame. To ƙwallo tana sama, idonka na kanta, hannun wa za ka gani? Koci ya taɓa cewa a je a roƙi su Baba su riƙa sassautawa in ƙwallo tana gidanmu. Muka ce wa zai je? Mutane sun bar sana'arsu sun zo sun ƙone a rana saboda kai, ka je ka ce su yi shiru?"

"To su baƙin fa?" in ji mai faci. "Ba ya firgita su?"

"Sabbin yara, ƙwarai. Za ka ga ƙafarsu na rawa. Amma tsofaffin hannu daɗi suke ji, yana tashe su daga barci. Ni ma da na koma wata ƙungiya na fi son filin da ake zagina a kan wanda ba kowa. Alƙalai kuma kala-kala ne. Wani ya tsorata ya ba ku, wani ya yi zuciya ya hana ku abin da yake naku, don kar a ce ya tsorata."

Ya juyo wajen motar ya ɗaga murya. "Amma Baba, kar ka ce ban ji daɗinku ba. Akwai ranar da ƙafafuna suka mutu tun kafin hutu, zazzaɓi nake ban faɗa wa kowa ba. Na ji jiniyar nan ta tashi, wallahi ban san inda ƙarfi ya fito ba, na ƙarasa wasan. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin dai ba a san inda zai faɗa ba ne. Ka sake shi, ya taimaki wanda ya taimaka."

Mai faci ya saci kallon Jiniya, shaiɗan ya ci ƙarfinsa. "To da a ce an yi wa gefen rana rufi fa?"

Katanga ya tuntsire da dariya har shayi ya zube masa a wando. "Rufi? Ai da ni da gola sai mun riƙa buga wa juna waya."

Jiniya ya sauke gilashin walda a fuskarsa ya kunna wuta. Akwai magana cike da bakinsa, ta gardama da ta tambaya da wata da bai san sunanta ba, ga shi ko raɗa an hana shi. Ya bi karayar a hankali, ya juya ya bi ta ciki, ya ƙara guntun ƙarfe a ƙasa wanda ba a sa shi ba, saboda ya ga nauyin mutumin da ƙafar da yake ja. Da ya gama Katanga ya taka ya gwada, ya yi tsalle kaɗan a kai.

"Wannan sai motar ta mutu ta bar shi." Ya kama hannun Jiniya da hannu biyu. "Na ji abin da aka ce ka ce, na katanga da masu gida. Har garin da na koma ta bi ni. Na yi kwana biyu ina jin zafi, daga baya na ce wallahi Baba ya iya magana." Ya hau, ya tayar, ƙurar siminti ta rufe layin.

Ranar Jiniya bai ƙara taɓa aiki ba. Ya zauna a ƙarshen benci yana kallon katangar filin. Mai faci ya zo zai yi wasa, ya ga fuskar, ya koma wajen tayoyinsa.

Muryar ta dawo daga baya, gajeriya mai kaushi, kamar ana jan buhu a ƙasa. Da aka buɗe sabuwar kaka ya sa tsohuwar rigarsa ya tafi fili. Gefen rana yanzu na wasu samari ne masu ƙahonin roba, kowa na busa nasa ba mai jiran wani. Suka ba shi wuri da girmamawa.

"Baba, a saki guda ɗaya mana, don albarka."

Ya nuna wuyansa ya girgiza kai.

Karo na farko ke nan da ya kalli wasa da fuska tun daga farko, bakinsa a rufe. Ya ga 'yan bayan suna ɗaga wa juna hannu. Ya ga gola na buɗe baki, jijiyar wuyansa a miƙe, ba abin da ke isa ko'ina. Ya kuma ga wani siririn yaro a gefe da ya gaji har yana dafa gwiwa, jama'a suka kira lambarsa, ya miƙe ya bi ƙwallon da ba wanda ya ce zai kamo, ya kamo ta. Jiniya ya rasa wanne zai riƙe. Ƙahonin suka haɗu suka zame masa ƙusa a kunnen da ya rage, rana ta dafa masa ƙeya, gwiwoyinsa suka fara ƙorafin siminti. Da aka hura hutu ya sauko a hankali, yana dafa kafaɗun mutane.

Shigarsa ta ƙarshe ke nan. Ƙungiyar ta hau rukuni na ɗaya bayan shekara biyu, ta yi kaka uku ta sake faɗowa, duk ba da shi ba. Gefen rana har yau ba rufi.

Ranar dai da ya fito a tsakiyar wasa, gida ya nufa, layi uku daga filin. Bai taɓa ganin unguwar a irin wannan lokaci ba: shaguna rabi a rufe, kaji na kiwo a tsakiyar titi. Ya tarar da matarsa a tsakar gida gaban baho, tana wankin zannuwan gado. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi inuwar katanga.

"Lafiya? Ko an tashi da faɗa ne?"

"Lafiya lau. Na gaji ne."

Ta tura masa kujera da ƙafa. Ya zauna ya cire takalmi. Can sai wani sauti ya taso ta saman rufin maƙwabta, kamar ruwan sama na tahowa daga nesa, ya kumbura, ya faɗi.

"An ɓarar," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ya juyo da kunnen dama. Sautin ya sake tasowa, wannan karon a tsinke, da fito a ciki.

"Wannan alƙali ake zagi. Bai ba da fanareti ba."

"Ke wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Tun ina goyon babbar yarinyar nan nake jin ku ta saman katangar nan. Da shi nake sanin ko in zuba maka abinci, ko in rufe in kora yara ɗaki."

Ya dube ta. Hannuwanta sun yi fari da kumfa har gwiwa, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwali ya yi furfura, bai san yaushe ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wata 'yar ƙaramar sowa ta tashi, ta mutum kaɗan, daga can ɓangaren da ake ajiye baƙi. Bayanta shiru ya biyo, mai tsawo.

"An ci mu," ta ce.

Ya jira ya ji abin nan da ke matse masa ƙirji duk sa'ad da aka ci su, ya zo kuwa, amma a gajiye, ya ɗan zauna ya wuce. Ta ɗauraye zanen ta ciro shi yana zubar da ruwa, ya fi ƙarfin hannunta. Ta miƙa masa gefe ɗaya.

"Tunda Allah ya kawo ka, kama nan. Kai ka murɗa ta can, ni ta nan. A hankali, kar ka yaga mini."

Ya miƙe ya kama. Ruwan ya zubo masa a ƙafa, da sanyi.